Shaidar da Ban Ba Yaya Haruna Ba

Shekara goma ke nan da muka kai Yaya Haruna makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in ajiye. Ba abin faɗa na rasa ba. Akwai magana guda da ta kamata in faɗa tun yana da rai, ita nake ta kewayewa, kuma bana na gaji da kewaye-kewaye.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara shida. A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife mu, can kan dutse, a gidan da kakanmu ya gina bayan ya zo aikin hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Yaya malamin motsa jiki ne a wata kwaleji a nan Makka, shi ne kuma mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta kwalejin, kowa Kaftin yake ce masa. A garin da kowane yaro ƙwallon ƙafa ce a ransa, shi kwando ya zaɓa. Kwandonsa na farko gargaren tsohon keke ne da ya kafa a jikin falwaya a bakin layinmu. Wurin gangare ne, duk wanda ya jefa bai ci ba shi zai bi ƙwallon har gindin dutse ya hauro da ita. Yakan ce abin da ya sa 'yan Nakkasa ba sa ɓarar da jifa ke nan. Ni na fi kowa sauka gangaren nan, shi ya sa na haƙura da wasa na kama aikin ofis.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, gasar kwalejoji kashi uku ce. Da farko kwalejojin yankinmu suna karawa da juna tsawon zango guda na wata huɗu, gida da waje, har a san na sama da na ƙasa. Sannan a ƙarshen zango a tara su wuri ɗaya a yi gasar kwana uku ta sili ɗaya ƙwale, a ba da kofi. Daga nan sai babbar gasa ta ƙasa a Riyad, inda ake jera ƙungiyoyi bisa ƙarfinsu. Wanda aka sa a sama da mai rauni yake farawa, ya samu hanya mai sauƙi. Wanda aka sa a ƙasa kuwa ranar farko zai haɗu da gwanaye, ya tattara jakarsa. To da me za a yi jerin, da aikin wata huɗu ko da na kwana uku? Musun da ake yi ke nan tun wancan lokaci, kuma har yau ba a gama shi ba.

Abin da ya sa na zauna rubutu bana magana ce ta 'yarsa Ruƙayya. Shekararta huɗu lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, yanzu ita ce kyaftin ɗin ƙungiyar mata ta kwalejinsu. Su ne suka gama zangon bana a sama. Kwanakin baya ta zo gaishe ni, ta miƙo mini waya ta nuna mini hoton wata takarda mai hatimi. Sau uku ta je ofishin kwamitin gasa da ƙafarta, har sai da suka rubuta mata da abin da za su yi jerin. Na yaba mata. Sai ta ce, da Hausarta mai gauraye da Larabci:

"Baffa, ni sai waraƙa da hatimi, halas. Ba zan yi sakaci irin na Baba ba."

Waraƙa takarda ce, halas kuma shi ke nan. Ba da raini ta faɗa ba. Abin da ta taso tana ji ke nan, cewa ubanta gwani ne amma girman kai ya sa ya raina gasa ya jefa yaransa a rami. Ban gyara mata ba. Na ce ta gaida mahaifiyarta.

Shekara goma sha takwas ke nan da wancan zango. Ƙungiyar Yaya ba ta sha kashi ko sau ɗaya ba. Yawancin 'yan wasansa namu ne, jikokin alhazai daga Nakkasa da Utaibiyya, kuma a cikinsu akwai Jibrin, wanda ake ce wa Dogo, saurayin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidanmu. Kowa ya san idan Jibrin ya kai kwana na uku a Riyad, ranar da masu neman 'yan wasa daga manyan kulob suke zuwa kallo, ba zai dawo yadda ya tafi ba. Yaya ya fi Jibrin ɗin kansa sa rai.

A shekarar, ƙarshen zango ya faɗo a Zulƙida, makon da jiragen alhazai daga Kano da Katsina da Sakkwato suke ta sauka. Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san me wannan mako yake nufi. Baƙi daga gida za su zo da sunan kakanka a rubuce a 'yar takarda, su yi ta tambaya har su same ka. Tsofaffi ne galibi, ba su san hanya ba, ba su jin Larabci, ƙafa ta gaji. Samarin gida ne suke tarbo su, su kai su ɗawafi da sa'ayi, su tura wanda ba ya iya tafiya a keke. Ba a ɗaukar wa baƙon gida ɗan haya alhali kana da ɗa namiji a ɗaki. Abin kunya ne da za a kai labarinsa har ƙauye.

Huɗu daga cikin 'yan wasansa biyar na farko suna da baƙi. Na Jibrin ya fi nauyi. Ƙanwar kakarsa ce ta zo, wadda rabonsu da juna tun suna yara, ga shi ba ta iya taka ƙafa. Kakar ta ce babu mai tura 'yar'uwarta sai jininta. Iyayen samarin suka zo zauren gidanmu su huɗu, suka zauna, suka sha shayi, suka yi ta zancen zafin gari. Babu wanda ya ce wa Yaya ya saki 'ya'yansu. Ba sa bukatar faɗa, shi ma ya san abin da ya kawo su.

Yaya ba mutum ne mai yanke hukunci da ka ba. Ya ce zai tambaya tukuna. A kwamitin gasa na yankin akwai wani dattijo namu, ba zan kama sunansa ba, zan ce masa Ustaz kamar yadda kowa yake ce masa. Aminin mahaifinmu ne. Shi ya wanke gawar Baba, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ranar wata Laraba bayan la'asar Yaya ya ja ni muka tare shi a ƙofar masallacin unguwa, yana neman takalmansa. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa halin da yake ciki, ya tambaye shi kai tsaye ko gasar kwana uku za ta taɓa jerin Riyad. Ustaz ya dafa kafaɗarsa ya ce:

"Abshir, ya waladi. Gasar nan ta kofi ce kawai. Jeri da zango za a yi shi, kuma kai ne a sama. Saki yara su yi wa baƙin Allah hidima."

Abshir kalma ce da mutumin nan ƙasar yake faɗa idan ya ɗauki abu a wuyansa, ya waladi kuwa ɗana ke nan. Ina tsaye, tsakanina da su bai kai taku biyu ba. A hanyar gida na ce wa Yaya, ni da nake aikin ofis na san halin kwamiti, ko za a nemi Ustaz ya rubuta. Ya tsaya ya dube ni kamar na zagi wani. Ya ce mutumin da ya sa ubanmu a kabari zan ce wa ya kawo takarda? Na ji kunya na bar maganar. Kara ce irin tamu, wadda ake yabonmu da ita, kuma ita ta kashe shi a tsaye.

Ya saki samarin huɗu. Ya shiga gasar da 'yan benci, aka fitar da su a wasan farko. Bai damu ba, har dariya ya yi, ya ce aƙalla sun ɗanɗana fili. A wannan yammacin Jibrin yana tsakanin Safa da Marwa yana tura tsohuwa, kakarsa na biye tana riƙe da hannun keken tana kuka.

Bayan kwana biyar takardar jeri ta fito. An sa ƙungiyar Yaya a can ƙasa. Kwamiti ya ce gasar ƙarshe ita take nuna ƙarfin ƙungiya a lokacin da za a tafi, abin da ya wuce ya wuce. Kwalejin da ta ɗauki kofi, wadda Yaya ya doke gida da waje a zangon, ita aka ɗora a sama. Yaran Yaya suka je Riyad, ranar farko suka haɗu da masu riƙe da kambu, suka yi iya yinsu, suka faɗi da ɗan tazara kaɗan. Washegari suna cikin mota a hanyar dawowa. Masu neman 'yan wasa sun zo a kwana na uku kamar yadda suka saba, Jibrin yana gida yana wanke wa baƙi kwanuka.

Yaya ya rubuta ƙorafi. Aka sa ranar zama, aka ce ya kawo takarda ko shaida. Ustaz ya ce shi bai tuna ya yi wata magana mai kama da alkawari ba. Takarda babu. Shaida kuwa mutum ɗaya ne a duniya, ni.

Da Umma ta ji, ta kira ni ɗakinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in dai ita ta haife ni, ba zan tsaya gaban Larabawa in ƙaryata mutumin da ya wanke ubana ba a kan wasan yara. Ta ce mu 'yan kaɗan ne a garin nan, mutum ɗaya muke da shi a irin wannan kujera, in muka tozarta shi wa muka tozarta? Ranar zaman na yi wanka, na sa farar riga, na fito. Da na kai mararraba sai na juya na nufi ofis. Na zauna a teburina har azahar ban taɓa ko fayil ɗaya ba.

Da yamma na samu Yaya a zaure yana cire iska daga ƙwallaye yana jera su a buhu. Na tsaya ina jiran ya zage ni, wallahi da ya yi da na samu sauƙi. Bai ɗago ba ya ce, "Ka kyauta da ka bi maganar Umma." Daga ranar bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya, kuma bai taɓa canza mini fuska ba. Shi ya yi mini waliyyi, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Na sha fatan ya yi fushi da ni ko na kwana ɗaya ne.

Kwalejin ta karɓe ƙungiyar daga hannunsa, ta bar shi da koyar da motsa jiki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanenmu. Iyayen nan huɗu da suka sha shayi a zaurenmu, su ne suka fara cewa ai da ya sani bai saki yaran ba, shi ne malami, shi ya kamata ya san doka. A majalisu aka ce Kaftin ya ga ya ci zango kansa ya kumbura. Ya yi shekara takwas bayan nan, yana zuwa aiki yana dawowa, ba ya kallon wasa ko a talabijin. Hawan jini ya kama shi, wata safiya ya faɗi a filin makaranta yana sa ɗalibai layi. Likita ya faɗi sunan ciwon. Ni na san tun ranar da ya fara.

Wani abin haushin kuma, shekara biyu bayan an cire shi, kwalejin nan da aka ɗora a sama ta ci zango ta faɗi a gasar kwana uku. Kwamitin nan dai, da kusan mutanen nan, ya ce ba adalci ba ne a zubar da aikin wata huɗu saboda yammaci ɗaya. Aka bar su a sama. Na kawo wa Yaya labarin ina huci. Ya ce to ai sun yi daidai wannan karon, ya ci gaba da cin abincinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Layinmu na Nakkasa babu shi, an share har falwayar, dangi sun watse unguwa-unguwa, ni ina Zahir. Baƙi daga gida yanzu kamfani ne yake tarbarsu, da mota da otal da masu tura keke sanye da riga iri ɗaya, da wuya ka ga tsoho yana yawo da sunan kakan wani a takarda. Da a yau ne, babu uban da zai zo zaure ya sha shayi, babu abin da zai sa a saki kowa. Ban sani ba ko wannan zai faranta masa rai. Ina jin zai ce an huta.

Filayen wasa na yanzu kuwa zai so su, da katako a ƙasa da sanyi a sama. Zai zauna ya kalli Ruƙayya, ya ɓoye murnarsa, a mota ya ce mata hannunta na hagu malalaci ne. Samarin yanzu har gasar kwalejojin Amurka suke bi a waya, kuma ina jin su a majalisa suna wannan musun dai, ko gasar ƙarshen zango tana da tasiri a jeri ko ɓata ƙafa ce kawai. Na san ɓangaren da Yaya zai tsaya. Ya sha faɗa cewa kowa yana iya yin sa'a kwana uku, amma wata huɗu ba a yin su da sa'a. Ni ra'ayina ya fi nasa ɗaci. Gasar tana da tasiri ranar da masu kujera suke so ta yi, ba ta da shi ranar da ba sa so. Duk wanda ya ce maka akwai amsa ɗaya, bai taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin da ake jerin ba.

Jibrin yana nan, yana tuƙa motar alhazai, gwiwoyinsa sun lalace. Na taɓa tambayarsa ko yana da-na-sani. Ya ce tsohuwar ta rasu a Mina a wannan hajjin, kuma shi ne mutum na ƙarshe da ta sa wa albarka, don haka kada in sake yi masa wannan tambaya. Shi kaɗai ne a cikin 'yan wasan yake zuwa gidan Yaya duk sallah.

Umma ta rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya yi mata rahama. Da ita nake fakewa, to ta tafi, kuma na ƙara shekara uku ban ce komai ba. Ashe ba umarninta kaɗai ya riƙe ni ba, har da tsoron a ce mini ina kake tuntuni.

Bayan maganar Ruƙayya na je gidan Ustaz. Ya tsufa ƙwarai, yana kan kujera an lulluɓe masa ƙafafu, bango cike da lambobin yabo. Ya gane ni, ya yi wa Baba addu'a. Da na ambaci Yaya sai ya girgiza kai ya ce Allah ya jiƙan Haruna, yaro mai ladabi, sai dai ya raina gasa. Ya faɗa da zuciya ɗaya, ina ganin ya maimaita har shi ma ya yarda. Na ce:

"Baba, ina wurin. A ƙofar masallaci, ranar Laraba. Kai ka ce masa abshir."

Ya dube ni. Sannan ya ce a zuba mini gahawa, ya gyara bargonsa, ya ce, "Ai maganar baki ce, ya waladi."

Ban sha gahawar ba. Ban kuma yi masa rashin kunya ba, har yanzu shi ne ya wanke ubana.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa a ido. Babu kofi, babu hoto a bangon kwalejin, filin da ya fara ya zama fegi. Akwai Jibrin da albarkar tsohuwarsa. Akwai 'ya mai jifa irin na 'yan kan dutse duk da ba ta taɓa bin ƙwallo gangare ba. Darasin da gidanmu ya ɗauka daga rayuwarsa kuwa shi ne kada ka yarda da bakin kowa, ko da wanda ya binne ubanka ne. Wannan kishiyar halinsa ne, kuma shi ne gadon da muka fi riƙewa. Ba na cewa Ruƙayya ta yi kuskure da ta nemi hatimi, daidai ta yi. Kuskuren da nake so in gyara mata ɗaya ne, kuma tunda ta ce ita sai takarda, ga takarda.

Ruƙayya, ubanki bai yi sakaci ba, bai raina gasa ba. Ya je ya tambaya, aka ba shi amsa, ya gaskata babba, ya saki yaransa su tura tsofaffi zuwa ɗakin Allah. Ni Sa'idu, ƙaninsa, ina tsaye a wurin, na ji da kunnena. An kira ni in faɗa ban je ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba shi matsayin da ba kwamiti ne yake jerawa ba. Ni kuma ki roƙa mini gafara, don shaidata ta zo a makare da shekara goma sha takwas, kuma wanda ya fi bukatarta ba zai karanta ba.